Sun bar mini rimok zaune a kan bulo

Talata da safe

Mai Jirgi, Garin Malam: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina kwananmu, ya sanyi? Ni kam yau da jarrabawa na tashi. Na fito zan tafi masallaci da asuba, na haska fitilar waya inda nake aje rimok ɗin jirgina a ƙofar gida, sai na ga ya yi ƙasa. Na matsa kusa, ashe zaune yake a kan bulo kamar tukunya bisa murhu. Ƙafa biyu babu, ta sekur, wato ta ko-ta-kwana, da ke ɗaure a gaba ita ma babu. Abin da ya fi ƙona mini rai, notocin nan takwas an tara su cikin gwangwanin tumatir an ɗora mini a kan shasi, wai kar su ɓace cikin yashi. Bulo ɗin ma na maƙwabcina ne da ke gini. Sawu ya nuna gangara tayoyin aka yi har bakin kwalta, daga nan ya ɓace. Jirgin yana nan, injin dama a ɗaki yake kwana. Jibi ya kamata in koma Gidimuni, yarana na can suna jira da koma. Ku da kuka san harkar ƙarfe ku ba ni shawara: in na sayi wasu ƙafafun, yaya zan yi kar a maimaita?

Hajiya mai kurar ruwa: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma ɓarawon nan ɗan gidan tarbiyya ne, har da tara noti.

Baƙon Kano: Allah ya mayar da mafi alheri. Tambaya nake, mene ne rimok? Tirela kuke nufi? Don ban ga yadda tirela za ta tsaya a ƙofar gida cikin lungu ba.

Admin: Baƙonmu, ba irin tirelar da ke ɗauko siminti ba. Ƙaramin amalanken ƙarfe ne mai ƙafa biyu da ake maƙala wa bayan mota. Shi Alhaji jirgin ruwa yake ɗorawa, ya ja shi zuwa tabki. Kar ka ce Damagaram duwatsu kaɗai gare mu, muna da Gidimuni, muna da Lassuri, tarwada da ƙarfasa har sai ka ture.

Ɗan Kabu-kabu: Maganin abin ɗaya ne, Alhaji. Ka kira mai walda ya ɗiga wa kowane noti wuta. Ya manne ke nan har abada, ɓarawo ya zo ya ci kansa.

Baba Mai Walda: Yaro, ranar da ƙaya ta huda tayar tsakanin Mirya da Gidimuni, kai za ka ɗauko injin walda a bayan moto ka kai masa? Wannan ɗaya. Na biyu, kuma wannan kowa ya ji da kyau: ba a kai wutar walda kan janti, wato ƙarfen da ake ɗaura wa taya, da taya a jikinsa. Zafin yana dafa robar daga ciki, iska ta haukace, tayar ta tarwatse. Wani lokaci ma sai an gama aikin an aje kayan wuta sannan take fashewa, mutum na tsugune a gabanta. Ko sace iskar aka yi ban yarda ba, sai an zare tayar daga janti gaba ɗaya. Shekara da shekaru ina wannan sana'a, yarana sun san wanda ya yi haka a garejina ya kori kansa.

Ɗan Kabu-kabu: Tuba nake, Baba. Ban san abin ya kai haka ba.

Bakanike na Sabon Gari: Alhaji, kafin a yi nisa, leƙa ka gaya mini: kan aksil ɗin da ƙusoshin taya ke fitowa a jikinsa, yana nan? Da ƴar hular ƙarfen da ke rufe giris?

Mai Jirgi, Garin Malam: Yana nan, Malam. Hular ma tana nan, ba su taɓa ba.

Bakanike na Sabon Gari: To alhamdu lillahi, da sauƙi. Dalilin tambayar zan faɗa a ƙarshe.

Akwai noti na musamman da ake kira antibol. Kansa ba mai kusurwa shida ba ne kamar na kullum, wani zane ne da sifana ba ta kamawa, sai ɗan makullinsa da ake sawa a bakin sifanar. Ɗaya ake sa wa kowace ƙafa. Yana da amfani, amma ku ji iyakarsa. Mai arha, ɓarawon da ya san aiki zai samo soket da ta ɗan fi shi matsewa, ya buga ta da guduma ta cije, ya murɗe. Wanda ya fi shi ne mai zobe a waje da ke juyawa shi kaɗai, duk abin da ka kama shi da shi sai ya yi ta zagaye a banza. Ko mai arhan ma na ce a sa, don bugun guduma da ƙarfe uku na dare a cikin unguwa kamar kiran sallah ne.

Amma kar ka aiki yaro ya sayo maka kowane iri. Zaren noti ya bambanta. Na Toyota galibi 12 ne da 1.5, wato kauri milimita 12 da tazarar zare 1.5, na Nissan da Suzuki 12 da 1.25. Da ido iri ɗaya ne, in ka matsa na wani a kan wani ka cinye zaren, ka shiga wani kashe kuɗin. Gindin notin ma akwai mai tsini, akwai mai faɗi da wasa, dole ya dace da ramin jantinka, in ba haka ba ƙafa ta kwance maka kana cikin gudu. Tunda ɓarayin sun yi maka kirki sun bar maka gwangwani, ɗauki noti ɗaya a aljihu ka tafi da shi shago.

Yanzu dalilin tambayata. Ƙaramin rimok marar birki, abin da ke riƙe kan aksil duka noti ɗaya ne babba a tsakiya, da ɗan fil da ke hana shi juyawa, a ƙarƙashin waccan hular. Wanda ya sani, ko kallon antibol ɗinka ba zai yi ba. Ya ɓalle hula, ya zare fil, ya kwance noti ɗaya, ya tafi da ƙafa da kan da boris gaba ɗaya. Shi ya sa ban taɓa ce wa kowa noti kaɗai ya isa ba.

Hajiya mai kurar ruwa: Malam Bakanike, ka tabbata ba darasi kake ba su ba? Zauren nan mutum nawa ne ciki, wa ya san kowa?

Bakanike na Sabon Gari: Hajiya, wanda ya tara noti cikin gwangwani bai buƙatar darasina. Masu kayan ne ba su sani ba.

Baba Mai Walda: Gaskiyarsa. Ni shawarata sarƙa. Ka zura ta ta ramukan janti, ta zagaye aksil ko shasi, ta fita ta jantin ɗaya gefen, ka kulle. Ko sun kwance noti duka, ko sun zare kan aksil ɗin, ƙafar na rataye a sarƙa, ba inda za ta. Kuma rimok ɗin ba ya gunguruwa.

Sai dai sarƙa suna ta tara. Irin wadda ake ɗaure sa da ita, almakashin ƙarfe na datse ta kamar rake. Nemi mai tauri wadda aka gasa, kaurinta milimita 10 ko sama. Gwajinta ba wuya: tafi da magagari, ka goga a jikin zobe ɗaya. In ya ci ya bar gurbi, aje musu kayansu. In ya zame yana ƙara kamar kan kwalba, ita ce. Mai shagon da ya hana ka gogawa ya san abin da yake sayarwa.

Kar ka bar sarƙa ko kwaɗo kwance a ƙasa. A ƙasa ne ake dafa ƙafar almakashi ɗaya a danne ɗayar da nauyin jiki, a ƙasa ne ake samun wurin ɗora kwaɗo a kan dutse a sauke masa guduma. Ɗaure ta tamau a sama, kwaɗon ya shige can ƙarƙashin jirgi inda hannu ke isa da ƙyar. Kwaɗon kuma a samu mai kafaɗu da suka rufe wuyansa, ko mai siffar faifai. Sarƙar jika talatin da kwaɗon dala ɗari, ka yi aikin banza.

Ɗalibin Kwamfuta: Baba, da girmamawa, yanzu fa akwai injin yankan ƙarfe mai batir. Ba sarƙar da ba ya yankewa.

Baba Mai Walda: Na sani, ɗana, ina da shi. Ka taɓa jin kukansa? Ka ga tartsatsinsa da dare? Ba ƙarfen da ba ya yankuwa, ni da nake yankan shi kullum na fi kowa sani. Abin da kake saye da sarƙa mai kyau shi ne minti biyar na ihu da wuta a ƙofar gidanka. Ɓarawon taya shiru yake so da sauri. In ya ga aikin zai tada unguwa, gaba yake yi.

Ɗan Gidimuni: Alhaji, sannu da wannan abu, yaranka sun gaya mana tun da safe. Ni abin da zan ƙara, ana ta maganar ƙofar gida an manta da bakin tabki. Ka sauke jirgi, ka shige ruwa bayan kacala, ba ka ganin tudu ba a ganinka, awa biyar ko shida. Motar da rimok suna tsaye su kaɗai. Wanda ya zo da wata mota, ɗaga hancin rimok kawai zai yi daga taka ya ɗora a tasa. Hanyar nan kuma babbar hanya ce, gabas Gure da Diffa, yamma Damagaram, kafin ka fito ya yi nisa. Mu nan abin da muke yi, ana barin kaya wajen masu lambu, a ba yaro ɗan na goro ko kifin miya. Bai taɓa ba mu kunya ba.

Na Marsai: Salamu alaikum daga Faransa, ina bin zancen tun ɗazu a wurin aiki. Nan satar rimok na jirgi abu ne da aka sani sosai a bakin teku, kuma abin da Ɗan Gidimuni ya faɗa shi ne daidai. Suna da kwaɗo na hancin rimok iri biyu: wanda ke kulle shi yana maƙale da mota, da wanda ke toshe ramin in an aje shi shi kaɗai. Ƙwallon jan nan na Turai milimita 50 ne, na Amurka mai inci 2 ya ɗara shi kaɗan, to wanda zai yi oda ya auna nasa tukuna. Akwai kuma takalmin ƙarfe da ake sa wa taya, irin wanda ƴan sanda ke sa wa motar da ta tsaya ba daidai ba. Mai kyan shi ne mai faranti da ke rufe notocin, don wanda bai rufe su ba, kwance ƙafar ake yi da takalmin a jikinta a sa wata.

Baba Mai Walda: Na Marsai, ba sai an yi oda ba. Tsohon ƙwallon ja, a yanke masa wuya, a cusa shi cikin ramin, a sauke hannun a sa kwaɗo. Shi ke nan an toshe. Waɗanda namu ne ƙirar gida masu zobe da ƙusa, sandar ƙarfe mai kai ake zurawa cikin zoben a kulle ta ƙasa. Takalmin ma na taɓa ƙera wa wani mai tankin ruwa. Turo hoton naku in gani ko sun fi ni dabara.

Bakanike na Sabon Gari: A kula dai, kulle hanci bai hana a ja. Rimok ɗin Alhaji mutum biyu na tura shi da hannu. Igiya ma ta isa a ɗaure hancin a bayan adaidaita ko amalanken shanu a karya kwana biyu ko uku da shi a shige wani kango. Kuma waccan ƴar sarƙar tsaro da ke lilo a hanci, da ita ake ja, a riƙa cire ta ko a kulle ta. In ana so ya zauna, ƙafa ake hanawa juyawa. Sannan a juya hancin ya kalli bango, in da hali a tokare bayansa da mota.

Bafillacen Zaure: Ni dai nagge tawa ba ta da noti, ba ta da janti. Amma Alhaji, ka bincika cikin maƙwabta ko akwai Babarbare.

Kawu na Birni: Ji ɗan Fulani! Ku da kuka ga taya kuka ɗauka akushin Nasara ne. Alhaji rabu da shi. Ni tambayata, ina mai gadin layinku? Ina karnuka?

Mai Jirgi, Garin Malam: Kawu, mai gadi mun sallame shi tun bayan damina, rabin layi sun daina biyan kuɗin wata. Daren jiya kuma ba wuta, ga hazo, ga sanyi, kowa ya ƙudundune. Ni kaina ɗakina bango ɗaya ne tsakaninsa da rimok ɗin, ban ji ko ƙwas ba.

Kawu na Birni: To ka ga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuɗin ƙafa ukun nan da ya biya mai gadi wata nawa?

Talata bayan isha'i

Ɗalibin Kwamfuta: Na dawo daga makaranta. Ga nawa ɓangaren, ko da Baba zai ce yaran zamani. Akwai ƴar na'urar bin sawu, GPS, girmanta kamar akwatin ashana, ana sa mata layin waya. In an motsa rimok ta turo maka saƙo, ta nuna maka inda yake a taswira. Matsalolinta uku. Rimok ba shi da batir, sai ka sayi mai batirin kanta kana cajawa. Layin sai da kuɗi a ciki kuma sai inda akwai rezo, wato sabis na waya. Sannan in ka rufe ta ruf cikin bututun ƙarfe ba ta ganin tauraron ɗan Adam. Tunda bayan rimok na shiga ruwa wajen sauke jirgi, a gaba za a ɓoye ta, can sama, cikin kwalin roba.

Masu cewa a sayi AirTag, ku sani ita ba GPS ba ce. Sai wata iPhone ta gifta kusa da ita take ba da labari. A ƙauyukanmu da kowa Tecno ko Itel gare shi, za ta iya kwana bakwai ba ta ce uffan ba.

Hajiya mai kurar ruwa: Ɗana, ita na'urar taka a cikin taya ake sa ta? Don rimok ɗin Alhaji bai je ko'ina ba, yana nan a kan bulo. Da ya sa ta ma, da yanzu tana nuna masa ƙofar gidansa.

Ɗalibin Kwamfuta: Kin kama ni, Hajiya.

Hajiya mai kurar ruwa: Bari in faɗi abin da na sani, ni da ban san milimita ba. Kura goma sha ɗaya gare ni da ƴan ga-ruwa ke haya. Kun san yadda ruwa yake a garin nan, kura ba ta hutawa. Shekarun baya kusan duk wata sai an zare mini ƙafa. Na sa sarƙa, na sa kwaɗo, yaran su ɓatar da makulli. Ranar nan na sayo fenti ruwan ɗorawa da shuɗi, na sa aka shafe kowane janti rabi da rabi, ciki da waje, muni kamar dodon gona. Aka yi ta yi mini dariya a bakin famfo. Tun daga ranar ƙafa ɗaya tak aka ɗauka, ita ma kwana uku wani mai faci ya aiko yaro ya ce Hajiya ga jantinki an kawo mini. Ɓarawo ba hawa tayar zai yi ba, sayarwa zai yi. Abin da duk gari ya san mai shi, wa zai saya?

Tsohon Jandarma: Hajiya ta faɗi abin da na zauna ina jira wani ya faɗa. Lokacin da nake aiki, sau da yawa ana kama mutum da tayoyi da janti tuli, a kira waɗanda suka kawo ƙara, kowa ya ce wannan kamar tawa ce. To "kamar" ba ta zama hujja. Wanda ya zo da shaida shi ke tafiya da kayansa, sauran su koma hannu rabbana.

Saboda haka, Alhaji, fenti yana da kyau amma ana kankare shi. A haɗa da lamba da aka buga da ƙarfe. Rimok na kamfani yana zuwa da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17, a rubuta ta a aje. Ƙirar gida ba shi da ita, sai mai shi ya zaɓi tasa, a buga a wuri biyu ko uku, ɗaya a fili, sauran inda shi kaɗai ya sani. Kowane janti ma a buga masa ta ciki. A ɗauki hoto, a riƙe rasit ɗin saye. Kuma ka je ka kai ƙara yau ko gobe a rubuta, ko kana ganin ba za a samu ba. In an kama kaya wata uku nan gaba, takardar nan ce za ta sa a neme ka. Wanda ya ga ana cikin yi kuma, 17 ake kira, lambar ƴan sanda.

Mai Faci, hanyar Tanut: A jikin kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, alƙaluma huɗu na ƙarshe sati ne da shekarar da aka yi ta. In ka ga 2319, sati na 23 ke nan a 2019. A ɗauki hotonsa shi ma. Ba taya ɗaya ke da lambar ba, duk waɗanda aka yi tare haka suke, amma in ta haɗu da facin da ka san inda yake, ta zama shaida. Abin da ban so shi ne masu ɗora wa gefen taya ƙarfe mai zafi kamar ana yi wa raƙumi alama. Gefen nan shi ne wuri mafi rauni. A rubuta da fenti ta ciki kafin a ɗaura.

Ɗan Kabu-kabu: Duk wannan dogon zance ne. Kowa ya san unguwar da yaran nan suke fitowa. A kama ɗaya a yi masa dukan kawo wuƙa, sauran su shiga hankalinsu.

Admin: Na goge saƙonka na biyu da ka ambaci sunan unguwa. Ba mu da shaida a kan kowa, kuma akwai mutanen kirki daga can a cikin zauren nan. Kar a sake.

Tsohon Jandarma: Ƙanena, na ga inda aka yi wa yaro irin wannan dukan, daga baya ta bayyana aiko shi aka yi ya ɗauko tayar maigidansa. Waɗanda suka yi dukan su suka kwana a rufe. An kama, a miƙa wa hukuma.

Kawu na Birni: Ni wanda nake jin haushi ma ba yaron ba ne, mai saye ne. A kawo maka ƙafa sukutum da janti da iskarta, da sassafe, a rabin kuɗi, ka ce ba ka sani ba? Abokin ɓarawo ai ɓarawo ne.

Mai Faci, hanyar Tanut: Kawu, Allah ya ja da rai, kar a yi mana kuɗin goro. Tsohuwar taya ita ce rufin asirin talaka a ƙasar nan. Duk amalanken shanu da na jaki da kake gani daga nan har Matamai da Magarya, ƙafar tsohuwar mota ce a ƙarƙashinsa, mai inci 13 ko 14. Shi ya sa ma ƙafar rimok ɗin Alhaji ke da kasuwa, girmansu ɗaya, in ramukan sun dace ɗaurawa kawai za a yi. Manomi ya zo da kuɗin gyaɗarsa yana neman ƙafa, ya zai gane ta sata ce in ba alama? Ni a wurina wanda ban sani ba in ya kawo, sai na ɗauki hotonsa da kayan. Da yawa daga jin haka suke cewa bari su je su dawo. Amma ba zan rantse wa kowa ba, a cikinmu akwai masu rufe ido.

Malamin Zaure: Allah ya mayar wa Alhaji. Na ga wani ya turo mini a gefe yana tambaya ko akwai abin da ake binnewa a ƙofar gida ɓarawo ya kasa motsi. Ni ban san shi ba. Abin da na sani, mai taguwa da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya sake ta ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. A yi addu'a, a sayi sarƙar Baba.

Bakanike na Sabon Gari: Akwai hanyar da ba ta cin ko dala, na bar ta ƙarshe don mutane ba sa son ta. Alhaji, in ka san rimok zai yi sati bai motsa ba, riga su. Ɗaga shi da jak, ɗora shi a kan kututture, kwance ƙafafun da hannunka ka kai su ɗaki wajen injin. Minti goma sha biyar ne. Ba ƙafar da za a sata, ba kuma mai iya jan sa. Ribar ƙafa kuma, ranar Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 ba za ta tsattsage maka roba ba, don tayar rimok tsayuwa a rana ke kashe ta tun kafin hanya ta cinye ta. Kana nan kuma ka duba giris, tunda boris mai zafi in ya shiga ruwa yana zuƙar ruwan. Sharaɗi ɗaya: ranar da ka mayar, in ka yi kamar kilomita 50 ka tsaya ka sake matse notocin.

Mai Jirgi, Garin Malam: Wato in zaunar da shi a kan bulo da kaina kafin a zaunar mini.

Bakanike na Sabon Gari: Ka gane karatun.

Litinin

Mai Jirgi, Garin Malam: Jama'a na gode, ga inda aka kwana. Na kai ƙara ranar Laraba, an rubuta. Tambayar farko da aka yi mini, akwai wata alama a jiki? Na yi shiru. Alhamis na zaga kasuwa har ƙafata ta gaji, ban ga komai ba, na sayi ƙafa biyu na hannu, sekur sai an ga hali.

Jiya Lahadi ina dawowa daga Gidimuni na tsaya kasuwar Mirya sayen rake. Inda ake ɗaure amalanke na hangi wani janti a ƙarƙashin amalanken shanu, fari, da ɗan lanƙwasa a baki ɗaya daidai inda nawa ya bugi dutse bara. Na tsuguna na shafa wurin da yatsa. Zuciyata ta ce nawa ne. Mai amalanken dattijo ne, yana ba shanunsa harawa, ya ce lafiya, Alhaji? Na ce lafiya lau, Baba, kyan ƙafar nake kallo. Ya ce ai sabuwar saye ce, ɗansa ya sayo masa. Me zan ce? Janti fari mai lanƙwasa guda nawa ne a ƙasar Damagaram? Na yi masa sallama na tafi.

Yanzu sababbin suna wajen Baba, an zare tayoyin, ya buga musu lamba ta ciki, ya buga wa shasi a wuri uku. An haƙa rami a ƙofar gida an zuba kankare da zobe a ciki, daidai ƙarƙashin aksil. Sarƙar na goga mata magagari a gaban mai shago, har ya ɓata rai. Fenti kuma uwargida ta zaɓa, ja da kore. Maganar mai gadi mun sa taron layi ranar Juma'a bayan la'asar.

Tsohon Jandarma: Ka yi daidai da ba ka tada magana a kasuwa ba. Amma ka koma inda ka kai ƙara ka faɗi abin da ka gani da ranar da ka gani. Su ne za su iya tambayar ɗan inda ya saya.

Baba Mai Walda: Duk mai rimok ko amalanke ko kura da ke son a buga masa lamba, ya zo ranar Asabar da safe, ƙarafan bugun suna nan, ban karɓar komai. Kowa ya zo da lambar da zai iya tunawa. Kuma a wanke laka kafin a kawo.

Hajiya mai kurar ruwa: Ja da kore ba laifi, ruwan ɗorawa da shuɗi dai nawa ne, kar wanda ya taɓa. Alhaji, makullin kwaɗon guda nawa ne?

Mai Jirgi, Garin Malam: Uku. Ɗaya a aljihuna, ɗaya wajen uwargida.

Hajiya mai kurar ruwa: Na ukun fa?

Mai Jirgi, Garin Malam: Shi nake nema tun safe.